Wa Ke da Magana a Kan Ruwan Rima?

Akwai wata tambaya da ta kamata mu yi tunani a kanta, mu mazaunan bakin gulbin Rima. Sa'ad da masu iko za su yanke shawara a kan ruwa da ƙasa, wa ya kamata a ji? Mai ilimin aikin kaɗai, ko kuwa har da wanda abin zai faɗa wa gonarsa?

Bari mu duba madatsar ruwa ta Goronyo. An gama gininta a 1984, aka yi bikin buɗe ta a 1992. An gina ta domin ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 942. Tana hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, watau hukumar Gwamnatin Tarayya. Amfaninta ba a ɓoye yake ba. Birnin Sakkwato yana sha daga gare ta, manoman rani kuma suna samun shinkafa da albasa da tafarnuwa. Amma wanda ke riƙe da ƙofar ruwan, abincin dubban gidaje ke nan a hannunsa. Idan ya tsare ruwa, fadama ta bushe. Idan ya sake shi da yawa, gona ta nutse.

Mun ga duka biyu. A watan Satumba na 2010, bayan ruwan sama mai yawa, aka buɗe ƙofofin. Ambaliya ta ci ƙauyuka da gonaki daga Goronyo zuwa Wurno, har ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A 2018 kuwa ruwan madatsar ya ja baya ƙwarai, har tsoro ya kama manoma da mutanen birni.

Wani zai ce, "Me talaka ya sani game da madatsa? Idan ruwa ya cika ba a buɗe ba, ai ginin zai fashe, hasara ta fi haka." Gaskiya ne, ba mu musa ba. Ranar hatsari ba ranar taro ba ce, tilas injiniya ya yi aikinsa. Amma yawancin shawarwari ba ranar hatsari ake yin su ba. A wane wata za a saki ruwan rani? Ta bakin wa gargaɗi zai kai ƙauye, kwana nawa kuma kafin ruwa ya iso? Ina za a zaunar da waɗanda aka tasa? Ina burtalin da shanu za su bi zuwa mashaya? A kan waɗannan, manomi da masunci da makiyayi suna da ilimin da ba shi cikin takarda. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Labarin Bakolori kusa da Talata Mafara ya isa ya koya mana. An gama wannan madatsa a 1978. Manoman da suka rasa gonakinsu suka yi ta kuka a kan diyya, da suka gaji suka tare hanyoyin aiki. A watan Afrilu na 1980 aka tura 'yan sanda, aka kashe mutane da yawa. Kukan da ba a ji shi a zaure ba, a kan hanya aka ji shi, da jini.

Domin wannan muna cewa adalci ya fi biyan diyya. Diyya tana zuwa bayan an gama yanke magana. Adalci kuwa yana so a tambayi mutum tun magana tana ɗanya, gama wanda zai ɗauki nauyin shawara yana da hakki a cikin yin ta. Dokar ƙasa ma ta yarda da haka. Dokar binciken illar manyan ayyuka ta 1992 ta ce a ba jama'a zarafi su faɗi ra'ayinsu. Amma rahoto mai kauri da Turanci, a ajiye cikin ofis, bai zama an ji manomi ba.

A nan ne nauyin ƙaramar hukuma yake. Ba ita ke buɗe ƙofar ruwa ba, amma ita ce hukumar da ta fi kusa da talaka, dokar filaye ta 1978 kuma ta sa ta lura da ƙasar karkara. Ya kamata shugabanta da kansiloli su kira taro da Hausa kafin damina da kafin rani, tare da hakimai da sarkin ruwa da arɗo, da mata masu aikin shinkafa. Su kai maganar wurin masu madatsa, su komo da amsa.

Mu ma akwai namu. Idan aka kira taro, mu je. Kada kuma na kusa da madatsa su manta da na Wurno da na Argungu, gama ruwan da ya wuce mu, rabon wani ne. Allah ya ba shugabanninmu kunnen ji, ya ba mu bakin faɗin gaskiya da ladabi.