Ado Da Linzami

Akwai wata magana da mutane su kan yi gardama a kanta a zauruka da tashoshi, watau ko daidai ne mutum ya kashe dukiyarsa wajen sayen ƙaton babur, sa'an nan ya ƙara kashe wata wajen yi masa kwalliya. Waɗansu sun ce wannan almubazzaranci ne da neman suna, tun da ya ke ƙaramin babur ma yana kai mutum inda za shi. Waɗansu kuwa sun ce ai kowa da abin da ransa ke so, wanda ya nemi kuɗinsa da guminsa ba mai ikon gaya masa yadda zai kashe su. Kowane sashi yana da 'yar gaskiyarsa, amma in an bar maganar haka ba a raba gardama ba. Ya kamata a bi ta sannu a hankali, a ga abin da ke sa mutum son irin wannan abin hawa, da kuma inda iyakar halalinsa ta ke.

Wurin da ya dace a tsaya a duba al'amarin shi ne Maƙera, unguwar nan da ke kudu da kogin Kaduna, wadda ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu. Mutanen wannan yanki sun daɗe da sanin ƙarfe da inji. Tashar jirgin ƙasa tana kusa da su, a Kakuri kuma, maƙwabciyarsu, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles cikin 1957, waɗansu masaƙu suka biyo baya, kana aka kafa ma'aikatar harhaɗa motar Peugeot cikin 1975. A wancan zamani ma'aikaci ya kan fara da keke, ya yi ta tari har ya kai ga babur. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji cikin 1975 sai babura suka cika titi, su Honda da Yamaha da Suzuki na Japan, da Vespa ta Italiya wadda masu manyan riguna suka fi so, domin ba sai an ware ƙafa a ke hawanta ba. Bayan da masaƙu suka durƙushe, har Kaduna Textiles ta rufe cikin 2002, da yawa daga cikin ma'aikatansu suka koma acaba a kan Jincheng na ƙasar Sin da Bajaj na Indiya. Cikin 2014 kuma gwamnatin jiha ta kafa dokar hana acaba a cikin birnin. Saboda haka mutanen Maƙera sun san babur yana alamar arziki, sun kuma san shi yana abin neman tuwo.

Amma wanda a ke magana a kansa a nan dabam ya ke da waɗannan duka. Asalinsa daga Amurka ne, inda kamfanin Harley-Davidson ya fara ƙera babura cikin 1903. Dogo ne, sirdinsa ƙasa-ƙasa, tayarsa ta baya faffaɗa, mahayinsa kuwa ya kan zauna a ɗan kishingiɗe, ƙafafu a miƙe gaba, kamar mai hutawa a kujera. Da fari an yi shi ne don doguwar tafiya cikin natsuwa. Daga baya masu ƙira suka lura akwai masu son wannan zama na ƙasaita amma da ƙarfin babur na tsere, sai suka haɗa biyun wuri ɗaya. Kamfanin Yamaha ya fito da V-Max cikin 1985, Harley-Davidson ya fito da V-Rod cikin 2001, Ducati na Italiya kuma ya fito da Diavel cikin 2011. A kan auna girman inji da wani ma'auni da a ke kira si-si. Babur na acaba yana da 100 ko 125, V-Max na farko kuwa yana da kusan 1,200, wajen ninki goma ke nan, nauyinsa kuma ya wuce kilo 250, kamar buhun masara biyu da rabi. Irin waɗannan ingarmu kaɗan ne a Kaduna, amma in ɗaya ya ratsa ta Maƙera da la'asar, ba mai shayi ko mai faci da ba zai ɗaga kai ba. Samarin da ba su da halin sayensa kuma su kan kai ƙananan nasu wurin mai walda da mai fenti, a mai da su yadda za su yi kama da shi.

To, me ke sa mutum ya zaɓi wannan? Dalili na farko shi ne daɗin ƙarfi. Mutumin da ya wuni a ofis ko a kanti yana amsa umurnin na gaba da shi, in ya hau abin da ke yi masa biyayya da murɗa hannu kaɗai, ya kan ji shi ma yana da abin da ya ke mulki. Na biyu shi ne son a bambanta shi da sauran jama'a. Kamfani yana ƙera babura dubbai, duk kamarsu ɗaya, sai mai shi ya sake fenti, ya sa a ɗinka masa sirdin fata mai geza, ya rubuta karin magana a jikin tanki, har a riƙa gane shi tun daga nesa. Wannan hali ba a nan ya faro ba, gama sojojin Amurka da suka komo daga Yaƙin Duniya na Biyu cikin 1945 sun riƙa sayen tsofaffin baburan soja suna yanke duk abin da suka ga ya yi musu nauyi, kowa yana gyara nasa yadda ya ga dama. Na uku shi ne zumunci, domin masu irin wannan hawa su kan haɗu su fita kilisa tare, su taimaki juna da shawara da kayan gyara. Akwai kuma wanda aikin ne kansa ke ba shi sha'awa, ya kwance inji ya ɗaura, har ya san shi kamar yunwar cikinsa.

Bahaushe bai kamata ya yi mamakin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, don kakanninsa sun riga kowa sanin daɗin hawa. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Zariya ko Kano ko Katsina ya ga yadda a ke shirya doki, ga jalala mai aikin zare, ga likkafa ta tagulla, ga tuntaye suna reto. A nan Kaduna ma an tara dawakin sarakunan Arewa cikin 1956 sa'ad da Sarauniyar Ingila ta zo, ba kuwa wanda ya ce da mahayan sun yi wauta. Daga wannan ado baduku ke ci, maƙeri ke ci, mai ɗinki ke ci, kamar yadda yau mai walda da mai fenti da mai ɗinkin sirdi ke ci daga adon babur. Malamai kuma sun bayyana cewa addini bai hana mutum a ga alamar ni'imar Allah a jikinsa ba, abin da ya hana shi ne girman kai da ɓarnar dukiya. Ashe ke nan ado a kan kansa ba laifi ba ne, masu cewa a bar shi ɗungum sun wuce gona da iri.

Amma fa akwai abubuwan da mahayan doki suka kiyaye, waɗanda mahayan babur da yawa suka yi wa riƙon sakainar kashi. Ba a taɓa ganin barde ya cire linzami don bakin dokinsa ya yi kyau ba. Sai an sa linzami, an ɗaure sirdi tam, sa'an nan a shimfiɗa jalala a bisa. Adonsu ƙari ne a kan abin amfani. Yanzu kuwa sai a ga saurayi ya cire madubi don wai na tsofaffi ne, ya sa an huda salansa don ƙara ta yi yawa, ya sauya fitilar baya da wata mai launi wadda mai bin sa ba zai gane ya taka burki ba. Wannan ya rage abin amfani ne ya saka abin kallo a gurbinsa.

Mai karatu kuma ya tuna da jahi. Mahaya su kan sako dawaki a sukwane kamar za su bi ta kan sarki, sai sun zo dab da shi su zame gaba ɗaya, su jinjina. Da a ce gudu kaɗai a ke yi wa guɗa, da kowane yaro ya isa, gama sakin doki ba wuya. Abin da ke nuna gwani shi ne tsayawar. Ga shi kuwa doki yana da ido da tsoro, in ya ga rami ya kan kauce, in ya gaji ya kan rage gudu ko mahayi bai so ba. Babur ba shi da ko ɗaya. Mai tafiyar kilomita 60 a awa yana cin wajen mita 17 cikin daƙiƙa guda, in kuwa ya ninka gudun sau biyu, nisan da burki ke bukata kafin ya tsai da shi ya ninku sau huɗu. Saboda haka duk hankalin da a da a ke rabawa tsakanin doki da mahayi, yanzu ya koma wuyan mahayi shi kaɗai, gwargwadon girman inji kuwa gwargwadon hankalin da a ke nema gare shi.

Daga nan a ke samun ma'aunin da zai raba gardamar, watau a tambaya, wa ke biyan kuɗin wannan ado? In mai shi ne ke biya daga rarar abin da ya samu, bayan ya sauke nauyin gidansa, to, Allah Ya sa alheri, ya hau lafiya. Amma sau da yawa waɗansu ke biya ba tare da an shawarce su ba. Matar da aka rage wa kuɗin cefane don a sayi fitilu, ita ta biya. Yaron da aka koro daga makaranta saboda kuɗin da ya tafi wurin mai fenti, shi ya biya. Majinyacin da rugugin salansa ya tashe shi da tsakar dare, da tsohuwar da ta firgita ta yar da tallarta a bakin titi, da mai tafiya a ƙasa da aka karya wa ƙafa ranar rakiyar ango, duk sun biya, alhali kuwa ba wanda ya ɗana sirdin a cikinsu. Adon da wani ya biya da barcinsa ko da ƙashinsa ya tashi daga kwalliya ya koma zalunci.

Ga misali. Wani saurayi ya kai babur ɗinsa wurin wani tsohon bakanike a Maƙera, ya ce a huda masa salansa, a cire madubai, a jera masa ƙananan fitilu. Tsohon ya zagaya babur, ya matsa burki, ya shafa tayar baya, sa'an nan ya ce, "Ɗana, burkinka ya cinye, tayarka ta suɗe. Kuɗin nan da ke hannunka na ɗaya ne cikin biyu. Bari a fara da waɗannan, in wata ya yi ka komo in jera maka fitilu, ladan hannuna kuwa na yafe."

Saurayi ya ce, "Haba Baba, ai burki ba mai ganinsa. Ran Asabar a ke ɗaurin auren abokina, ka ke so in shiga cikin sa'o'ina haka?"

Tsoho ya ce, "Gaskiya ne, ba mai ganinsa sai ranar da aka neme shi. Ni dai hannuna ba ya cire madubi."

Saurayi ya tura abinsa zuwa rumfar gaba, aka yi masa yadda ya ke so, tsoho kuwa ya rasa cinikin wannan rana. To, ko da saurayin nan zai shekara goma yana hawa bai ko yi tuntuɓe ba, tsohon ne da gaskiya, domin ba a auna kyan aiki da sa'ar da ta biyo bayansa. Wanda ya harba kibiya cikin kasuwa ya yi laifi ko ba ta sami kowa ba. Mai rumfar gaba kuma yana da nasa kason na alhaki, gama ya san amfanin abin da ya cire fiye da mai babur.

Watakila wani ya ce, ai rai nasa ne, in ya ga dama ya yi kasada da shi. Wannan magana ba ta da tushe. Rai amana ne, bayan haka kuma akwai masu haƙƙi a kansa, iyaye da mata da 'ya'ya, su ne za su yi zaman jinya a asibiti, su ne za su sayar da abin da su ke da shi. Sa'ad da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano ran 1 ga Janairu, 2009, an ga waɗansu mahaya sun kifa ƙwarya a ka don su ruɗi ma'aikata. Mutane sun yi dariya, amma abin tausayi ne, domin kwalta ba ta ruɗuwa. Wanda ya iya sayen geza da fenti bai rasa kuɗin hula ba, ra'ayi ne ya rasa.

Saboda haka wanda Allah Ya hore wa, ransa kuma yana son ingarman babur, kada a zarge shi don ya saya, kada kuma a hana shi yi masa kwalliya. Sai dai ya bi tsarin magabata. Ya fara da cikin gidansa, ya tabbata tukunya ba ta kwana a kife saboda shi ba. Ya duba burki da taya da madubi da fitila, ya sa hularsa, ya koyi tsayawa kafin ya koyi gudu. Ya tuna titin Maƙera na 'yan makaranta ne da masu talla da tsofaffi, in gudu ya ke so ya nemi fili inda ba kowa. In ya cika waɗannan, sai ya ƙara abin da ya ga dama a bisa, kwalliya ta biya kuɗin sabulu, masu kallo su yi masa fatan sauka lafiya maimakon Allah-ya-isa. Allah Ya ba mahaya hankalin riƙe linzami, Ya kiyaye na bisa da na ƙasa, amin.