Tawakkali da Takunkumin Mai Feshi

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, Kura da Bunkure da Kadawa suka zama cibiyar noman rani, kuma duk inda tumatir da shinkafa suka yawaita, maganin feshi na biye da su. Wanda ya ga ɓarnar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta yi wa tumatir a 2016 ba zai zargi manomi don ya rungumi feshi ba. Abin da ke tayar da hankali shi ne matashin da ke goye da tanki, ƙafa ba takalmi, yana dama magani da hannu a bakin kanal, in an yi magana ya ce abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Malamai sun daɗe da ba shi amsa: Manzon Allah (SAW), wanda ya fi kowa tawakkali, sulke biyu ya sa ranar Uhudu.

Sai dai akwai kuskure na biyu da ba a cika wa'azi a kansa ba, kuma a ganina ya fi ɓuya. Shi ne na wanda ya sa takunkumi da safar hannu da takalmin roba, sai ya ɗauka ya gama da haɗari: ya ninka ma'aunin magani, ya yi feshi da tsakar rana iska na kaɗo masa shi a fuska. Wannan ya cire zuciyarsa daga Mai sababi ya ɗora ta kan sababin. Masu wasan zamiya a tsaunukan ƙanƙara na Turai sun san wannan jarrabawa. Suna ɗaukar shebur da sandar lalube da na'urar gano wanda ƙanƙara ta binne, amma babu ɗaya a ciki da ke hana ta ruftowa, kuma wanda ba a tono shi cikin kusan minti 15 ba, damar tsirarsa na raguwa da sauri. Shi ya sa masu koyar da su ke nanata cewa kariya ta farko ita ce fasa hawa gangaren ranar da aka yi gargaɗi. Haka Sayyadina Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke, bai ɗauki juyawar a matsayin gudun ƙaddara ba.

Wani zai ce talaka ba shi da zaɓi, tsutsa ba ta jira, kayan kariya na da tsada, ga zafi. Gaskiya ne, kuma dillalan magani da jami'an gona na da alhaki a nan. Amma jiran iska ta kwanta, da bin ma'aunin da ke jikin kwalba, da wanka da sabulu kafin a ci abinci, ba sa cin ko kobo. Sakaci kuwa na da haɗari, domin maganin ciyawa irin su paraquat ba shi da makari in ya shiga ciki. Jiki amana ne, don haka limaman Kura da Bunkure su shigar da wannan batu cikin huɗuba kafin a fara feshin rani.