Aro Bayan Ɗauka, Aro Ne?

A ƙasar Kura da Bunkure, inda ruwan Tiga ke shayar da shinkafa da tumatir, kowa ya san ƙa'idar aron gona. Mai ita ke bayarwa da bakinsa, kuma in an cire amfani yana da ikon karɓar abarsa. To, mai karatu, idan wani ya faɗa gonarka ba sallama, ya shuka, sa'an nan ya ce ka ara masa, wannan aro ne ko ƙwace?

Abin da ya kawo tambayar shi ne wata rigima a kan kayan tarihi. A shekarar 2000 gidan tarihi na Louvre da ke Paris ya baje mutum-mutumin yumɓu na Nok, watau sana'ar mutanen da suka zauna a Kudancin Kaduna fiye da shekara 2000 da suka wuce. Faransa ta saye su ne daga wani dillali a Beljiyam, alhali dokar Nijeriya ta 1979 ta hana fitar da irinsu ba izini. Masana suka yi ca. A 2002 aka sasanta: Faransa ta amsa cewa kayan na Nijeriya ne, Nijeriya kuwa ta ara mata su na shekara 25.

Hujjar irin waɗannan gidaje, ko a takarda ko a Facebook, ba ta wuce cewa su suka iya adana ba, kuma duniya na gani. Ba ƙarya suka yi duka ba, domin an sha sata a namu gidajen, har da na Jos a 1987.

Amma fa iya riƙo ba ya zama mallaka. Manomin da ya fi ka iya ban-ruwa bai gaji gonarka ba. Alamar aro na gaskiya ɗaya ce: mai kaya na iya cewa a'a. Wanda aka roƙa bayan kayansa sun riga sun ƙetare teku, yaya zai ƙi? Bugu da ƙari, kuɗin mai saye ke tura masu tonon dare, ramin da suka birkice kuwa ilmin cikinsa ya tafi har abada.

Wa'adin aron na cika ne a 2027. A nan ake gane aro daga ƙwace. Mu kuma sai mu gyara rumbunmu, don kada mai riƙo ya sami bakin magana.