Yaro Mai Ƙiriniya: Ƙi Ne Ko Kasawa?



Wata Lahadi bayan an tashi daga Misa, wata uwa ta tare ni a ƙofar majami'a, tana riƙe da hannun ɗanta mai shekara takwas. Ta ce, "Fada, ka yi masa addu'a. Ba ya zama wuri ɗaya, ba ya jin magana, katikis ya kore shi daga aji har sau biyu. Ubansa ya doke shi har ya gaji. Maƙwabta kuwa sun ce iska ce." Na dubi yaron, na ga shatar bulala a ƙafafunsa. Tun daga ranar tambaya ɗaya take damuna, ita ce kuma nake so mu yi tunani a kanta tare: yaron da ya kasa yin abin da aka umarce shi, mai laifi ne a gaban Allah?

Bari mu fara da yadda hankalin yaro yake girma. Jean Piaget, masani ɗan ƙasar Suwizalan wanda ya rasu a 1980, ya shafe shekaru yana lura da yara. Ya nuna cewa tunanin yaro yakan girma mataki-mataki, kamar yadda jariri yake zama, ya yi rarrafe, kafin ya yi tafiya. A littafinsa na 1932 a kan yadda yara suke hukunta nagarta da mugunta, ya ba su labarin yara biyu. Na farko ya buɗe ƙofa bai san akwai faranti a bayanta ba, ya fasa kofuna 15. Na biyu ya hau kujera don ya ɗauki kayan zaƙi a ɓoye, ya fasa kofi ɗaya. Ƙananan yara suka ce na farko ya fi laifi, domin ɓarnarsa ta fi yawa. Waɗanda suka ɗan girma kuwa suka dubi niyya. Masanan da suka biyo baya sun gano cewa yara sukan fara gane niyya tun kafin lokacin da Piaget ya zata, amma darasin yana nan: lamiri girma yake yi a hankali.

Ikilisiya ta daɗe da sanin wannan. A 1910 Paparoma Pius na 10 ya ba da umarni a bar yara su karɓi Jibin Ubangiji idan sun kai shekarun hankali, wato wajen shekara bakwai. Dokar Ikilisiya ta 1983 ba ta ɗaukar wanda bai cika bakwai ba a matsayin mai alhakin kansa. Katikisma ta 1992 kuma ta koyar da cewa babban zunubi yana bukatar abu uku: al'amari mai nauyi, cikakken sani, da yarda ta ganganci. Ta ƙara da cewa rashin sani, tsoro, da yanayin ƙwaƙwalwar mutum suna iya rage alhakinsa, ko su kawar da shi ɗungum.

To, akwai yaran da shekarunsu sun kai, amma wani abu a ƙwaƙwalwarsu yana hana su abin da tsararsu suke yi cikin sauƙi. Wasu suna fama da rashin natsuwa da yawan motsi, abin da likitoci suke kira ADHD: hankalinsu ba ya tsayawa kan abu ɗaya, sukan aikata kafin su yi tunani. Wasu kuma suna da otizim: magana da cuɗanya sukan yi musu wuya, ƙara ko canjin abin da suka saba yakan firgita su. Likitoci ma sun taɓa yin kuskure a nan. A 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya ɗauki irin wannan rashin natsuwa a matsayin naƙasa ta ɗabi'a. Bayan Leo Kanner ya bayyana otizim a Amurka a 1943, an yi shekaru ana ɗora wa iyaye mata laifi, wai rashin ƙaunarsu ne ya jawo. An yi watsi da wannan ra'ayi. Mu tuna yadda almajirai suka nemi wanda za su ɗora wa laifi a kan mutumin da aka haifa makaho, Yesu kuwa ya wanke shi, ya wanke iyayensa.

Wani dattijo zai ce, "Fada, ashe mu daina horo ke nan? Ba an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi ba?" Gaskiya ne, Baba, horo wajibi ne a kan iyaye, yaro mai irin wannan hali ma ya fi kowa bukatar tsari da iyaka. Kuma ba kowane mai ƙiriniya ne yake da larura ba. Akwai taurin kai na gaske. Amma mai tanƙwara icce yakan fara duba irin iccen da ke hannunsa, in ba haka ba sai ya karya shi. Wanda ya ƙi, gyara yake bukata. Wanda ya kasa, taimako yake bukata. Idan muka doki yaro a kan abin da ya fi ƙarfinsa, abin da zai koya shi ne cewa shi mugu ne, kuma wataƙila ya girma yana zaton haka Allah ma yake ganinsa. Wannan alhaki a wuyanmu yake.

Na yi wa yaron nan addu'a, na kuma roƙi iyayensa su kai shi wurin likitan yara, gama addu'a ba ta hana neman magani. Na roƙi katikis ya zaunar da shi a gaba, ya riƙa ba shi umarni ɗaya-ɗaya, ya sa shi raba littattafai, ya kuma yabe shi idan ya yi daidai.

Iyaye, malamai da shugabannin zumuntai, kafin mu ɗaga bulala, mu tambayi kanmu ko yaron nan ƙi ya yi, ko kuwa kasawa. Ubangiji wanda ya hana almajiransa korar yara daga wurinsa, ya ba mu haƙuri da basira. Amin.