Barci Iri Biyu

In dai gaisuwa za a bi, kowa a ƙasar nan lafiya lau yake. Ɗan haya da aka ba wa wa'adin tashi, da matar da mijinta ya kama hanyar Birnin Gwari tun safe wayarsa ba ta shiga, da ma'aikacin da albashinsa ya ƙare tun sha biyu ga wata, duk amsarsu ɗaya ce: lafiya lau, mun gode Allah. Mu Kirista masu sujada da Hausa mukan ɗora wata kalma a kan wannan, wato salama. Da ita fasto yake sallamar jama'a ranar Lahadi, ita muke rerawa, ita muke tura wa juna a WhatsApp idan an yi rashi.

Akwai tambayar da ta kamata mu yi wa kanmu tun kafin wani ya yi mana ita. Shin daidai ne mutum ya kwanta da hankali kwance alhali gari babu lafiya? Wannan salamar da muke cewa mun samu cikin Almasihu, ƙarfin zuciya ce, ko kuwa dabarar rufe ido ce da muka raɗa wa suna mai daɗi?

Zargin ba sabo ba ne. A 1844 Karl Marx ya kwatanta addini da ƙwayar da ake bai wa mai ciwo don ya daina jin zafi, ciwon kuwa yana nan yana cinsa. Abin da ya dame shi shi ne wanda aka lallasa da ta'aziyya ba zai tashi ya tambayi wanda ya zalunce shi ba. Kada mu yi saurin tsaki, domin mun sha ganin hakan da idonmu. An cinye wa gwauruwa gadon 'ya'yanta, an ce mata ta bar wa Allah. An riƙe wa mai aikin gida kuɗinta wata huɗu, uwar ɗakin tana gaba-gaba a wajen waƙa. Idan salama tana nufin wanda aka cuta ya yi shiru don wanda ya yi cutar ya sami barci, to Marx ya faɗi gaskiya.

Sai dai Littafi Mai Tsarki da kansa ya san akwai barci iri biyu, kuma bai haɗa su ba. A Markus sura ta 4, hadari ya taso a Tekun Galili, ruwa yana cika jirgi, almajirai suna ihu, Yesu kuwa yana can baya a kan matashi yana barci. A sura ta 14 ta wannan littafin, a lambun Getsamani, daren da za a kama shi, sai abin ya juye: shi ne ido biyu cikin baƙin ciki mai tsanani, almajiran da ya roƙa su taya shi tsaro kuma suna ta gyangyaɗi, har sau uku yana dawowa yana tarar da su haka. Daga nesa barcin nan biyu kama suke yi, ido rufe, jiki kwance. Amma na jirgi barcin wanda ya san hannun da yake ciki ne. Na lambu kuwa barcin waɗanda nauyin abin ya fi ƙarfinsu ne, suka gudu daga gare shi ba tare da sun ɗaga ƙafa ba, suka bar abokinsu shi kaɗai. Na farko shi ne salama. Na biyu shi ne ƙwayar da Marx yake magana a kai. Kuma wanda ya yi barcin farko shi ne ya tsawata wa masu barci na biyu.

Daga nan muna iya fitar da ma'auni. Salamar da ta sa muka daina jin kukan maƙwabci, barcin lambu ce. Wadda ta rage mana tsoro har muka iya tashi muka je wurinsa, ita ce ta jirgi. Kalmar ma ta nuna hakan. Salama 'yar ɗaki ɗaya ce da salam ta Larabci da shalom ta Ibrananci, kuma a bakin annabawan Isra'ila shalom ta haɗa da mudu na gaskiya a kasuwa da shari'a ta adalci ga maraya. Annabi Irmiya ya yi kaca-kaca da malaman zamaninsa saboda suna shelar zaman lafiya a kan rauni da ba su wanke ba.

Akwai wata hanyar samun kwanciyar hankali da take da kwarjini, kuma da yawa daga cikin 'yan boko a yau ita suke bi ko da ba su san sunanta ba. Epiktitus, wani bawa da ya zama malamin falsafa a daular Rum, ya koyar da cewa mutum ya raba abubuwa gida biyu, waɗanda suke hannunsa da waɗanda ba sa hannunsa, ya janye zuciyarsa daga na biyun. Har ya ba da shawara cewa idan uba yana sumbatar ɗansa, ya tuna wa kansa cewa mai mutuwa yake sumbata, don kada rashin ya girgiza shi in ya zo. Akwai hikima a ciki, amma ku dubi kuɗin da ake biya: sai ka rage ƙauna kafin ka rage zafi. Bangaskiyar Kirista ba ta yarda da wannan ciniki ba. Yesu ya tsaya a bakin kabarin Li'azaru a Betanya ya yi kuka a gaban jama'a, ko da yake ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci. Cikin Zabura 150, da yawa koke-koke ne, ta 88 ma a cikin duhu ta ƙare ba tare da an ce komai ya gyaru ba, kuma an bar ta a littafin sujada. Ashe ba a kore hawaye daga gidan salama ba. Mai bi yana iya cewa ba lafiya, ya faɗa wa Allah haka ƙarara, bai kuwa fita daga bangaskiya ba.

Mu da muke sana'ar rubuta manhajar kwamfuta mun san wani abu game da wannan. Ba ma yarda da manhaja don kawai tana aiki lami lafiya a kan teburinmu. Sai mun ɗora mata nauyin dubban masu amfani a lokaci guda, mun katse mata intanet da gangan, mun kashe ɗaya daga cikin injinan da take dogara da su, sannan mu ga ko za ta tsaya. Tsarin da aka gina bisa zaton cewa babu abin da zai lalace, shi ne yake fara rushewa. To haka wa'azin da yake cewa ka ba da baiko mai tsoka, Allah zai kawar maka da ciwo da talauci da maƙiya. Salamar da aka gina a kansa tana aiki muddin komai yana tafiya daidai. Ranar da sakamakon asibiti ya fito ba yadda ake so ba, mutum ya yi hasara biyu: ga ciwo, ga tunanin cewa bangaskiyarsa ce ta gaza. Manzo Bulus daga kurkuku ya rubuta wa Filibiyawa wasiƙar da ta fi kowace maganar farin ciki da salama, kuma a ciki ya ce koyo ya yi kafin ya iya zama da ƙoshi da yunwa duka. Abin da aka koya a kurkuku an riga an gwada shi da nauyi.

Ba sai mun je nesa neman irin wannan gwaji ba. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, ta faro ne a Garkiɗa a 1923, kuma tun asalinta tana cikin ikilisiyoyin da suke koyar da ƙin ɗaukar makami da ƙin ramuwa. A watan Afrilun 2014 aka sace 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, akasarinsu 'ya'yan wannan ikilisiya. A ƙarshen Oktoban shekarar 'yan Boko Haram suka mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninta suka yi gudun hijira zuwa Jos. An ƙone majami'u, an kashe mambobi, ƙauyuka sun watse. In da akwai lokacin da mutum zai ce koyarwar salama ta yi kaɗan, wannan ne. Duk da haka ikilisiyar ba ta sauya koyarwarta ba, kuma ba ta naɗe hannu ba. Dakta Rebecca Dali, ɗaya daga cikin matanta, ta riƙa bin sansanonin 'yan gudun hijira tana rubuta sunayen waɗanda aka kashe ɗaya bayan ɗaya, tana kai abinci ga Musulmi da Kirista, har aka ba ta lambar yabo ta Sergio Vieira de Mello a 2017. A Gurku ta jihar Nasarawa, wani ma'aikacin ikilisiyar ya jagoranci kafa matsugunin da iyalan Kirista da Musulmi da yaƙin ya koro suke zaune tare. Wanda ya sha ƙwaya ba ya ƙirga matattu da sunayensu. Aikin wanda idonsa yake buɗe ne, wanda kuma ƙiyayya ba ta cinye masa zuciya ba.

Amma yawancinmu ba za a gwada mu da wuta irin wannan ba. Namu gwajin ƙanana ne, kullum kuma suna zuwa: layin banki a farkon 2023 lokacin da takardar naira ta yi wuya, kuɗin mota da ya ninka bayan cire tallafin fetur a watan Mayun shekarar, kuɗin makaranta, wutar da aka ɗauke ana tsakiyar aiki. A nan ne aka fi rasa salama, kaɗan-kaɗan, kamar tulu mai yoyo. Wayar da ke hannunmu ma ba ta taimaka. Mun san yadda ake ƙera ta, domin irinmu ne suke ƙerawa: shafin da ba ya ƙarewa komai jan da ka yi masa, da jan ɗigon da yake kiranka ka duba. Akwai irin manhajar da ake rubutawa ba da kyau ba, wadda kowace daƙiƙa take tambayar uwar garke ko akwai sabon saƙo, ko da babu. Ba ta ƙara sanin komai, batir kawai take cinyewa. Damuwa haka take aiki. Tana ta tambayar gobe abin da gobe ba ta riga ta yanke ba.

Maganin da bangaskiya ta bayar a nan ba shi da ado. A addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, abincin yini ɗaya aka ce a roƙa. A jeji, manna da Isra'ilawa suka ɓoye don gobe tsutsa ta yi ta ruɓe, sai ta jajibirin Asabar kaɗai aka yarda a ajiye. Wannan bai hana tanadi ba, Yusufu ma rumbuna ya gina a Masar. Abin da aka hana shi ne ɗaukar kayan kwana talatin a kan wuyan yini guda. Maƙwabtanmu Musulmi suna kiran makusancin wannan hali tawakkali, kuma su ma sun san ba ya nufin zaman kashe wando. A ƙarni na 17 an yi wani ɗan zuhudu a Faris da ake kira Ɗan'uwa Lawrence, wanda ya shekara da shekaru a ɗakin girki, aikin da da farko ba ya so. Abin da aka tuna da shi a kai shi ne ya mai da wanke tukwane lokacin hira da Allah, har hayaniyar girki da shirun ɗakin addu'a suka zama ɗaya a wurinsa. Iyayenmu mata na Zumuntar Mata ba su karanta shi ba, amma sun riga mu sanin darasin. Ku je gidan makoki ku gani: su ne a bakin murhu, su ne a kan tabarma kusa da mai takaba, waƙa a baki, muciya a hannu. Ta'aziyyarsu tana zuwa da tuwo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, salamar Kirista ma ba a cika ɗaukarta a kaɗaice ba.

Wajibi ne mu ƙara wani abu, saboda ana cutar da mutane a nan. Akwai ɗan'uwan da yake addu'a, yake zuwa sujada, amma barci ya ƙaurace masa wata da watanni, abinci ba ya shiga, zuciya tana bugawa ba dalili. Wannan ciwo ne kamar hawan jini, kuma yana da likitoci, irin na asibitin ƙwaƙwalwa da ke Barnawa a Kaduna. Ce masa ya ƙara bangaskiya daidai yake da abin da abokan Ayuba suka yi, waɗanda suka kyauta kwana bakwai da suka zauna shiru tare da shi, suka ɓata komai da suka buɗe baki suna neman laifinsa. Lokacin da annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa a ƙarƙashin wani itace, abin da aka fara ba shi gurasa ce da ruwa da barci. Magana ta biyo baya.

To, shin daidai ne mu kwanta da hankali kwance alhali gari babu lafiya? Amsarmu ita ce e, da sharaɗi. Daidai ne, domin ba mu ne muke riƙe da duniya ba, kuma rashin barcinmu bai taɓa sauko da farashin buhun masara ba. Wanda ya gaskata cewa Allah ya shiga cikin wahalar mutum har gicciye, ya kuma fito ta wancan gefen, yana da dalilin ajiye kayansa da dare. Sharaɗin shi ne gari ya waye mu tashi mu ɗauki namu kason: mu biya mai aiki haƙƙinsa, mu raka gwauruwa kotu, mu kira wanda aka kwana biyu ba a gani a sujada ba. Kafin mu kashe fitila, yana da kyau kowannenmu ya duba ko akwai wanda ya roƙe shi ya taya shi tsaro a daren nan. In akwai, barci ya jira. In babu, a ajiye waya, a kwanta.