Hukuncin Hutun Yamma da Sauraron Rediyo

Malaman fiƙihu sun kasa ayyukan ɗan Adam gida biyar: wajibi, mustahabbi, mubahi, makaruhi da haramun. Galibin abin da ke cika yinin ma'aikaci mubahi ne, ba lada ba zunubi sai abin da niyya ta ɗora masa. A Titin Bauchi da ke Jos, inda ake da tashar mota da harabar Jami'ar Jos, direban da ke jiran layinsa, da ɗan kamasho, da mai faci, duk neman halal suke yi, babu mai jayayya a kansa. Inda ake saɓani shi ne abin da ke biyo bayan La'asar: dara, ƙwallo, kiwon tantabaru, da zaman teburin mai shayi ana jin rediyo.

Masu sassauci suna kafa hujja da hadisin Hanzala a Sahihu Muslim. Ya ji tsoron ya zama munafuki don yakan shagala da iyali da gona idan ya bar majalisin Annabi (SAW), sai aka nuna masa cewa kowane abu da lokacinsa. Bukhari ma ya ruwaito yadda Salmanul Farisi ya tunatar da Abud Darda'i haƙƙin jikinsa da na iyalinsa. Masu tsanantawa kuwa sukan jawo aya ta 6 a Suratu Luƙman, wadda Ibnu Mas'ud ya fassara da waƙa, ko da yake Ibnu Hazm bai yarda ta haramta kiɗa ba. Muhawarar ba baƙuwa ba ce a Jos, garin da aka kafa ƙungiyar Izala a 1978.

Rediyo ya fi sauran wuyar yanke wa hukunci ɗaya, domin akwatin da ya kawo tafsirin azumi shi ke kawo waƙa, da cigiya, da labaran Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957. Don haka hukuncin yana bin abin da kunne ya zaɓa. Ya kuma fi dara sauƙi ta fuska guda: ba ya ɗaure hannu, tela na iya kama Highland FM yana taka kekensa.

Nauyin da ya fi girma yana kan abin da mai sauraro ya yi da labarin bayan ya ji. Suratul Hujurat ta yi umarni a tantance labari kafin a yi aiki da shi, kuma a Jos, da ta sha rikici a 2001 da 2008 da 2010, “an ce a rediyo” ba ya ɗauke wa mai yaɗawa alhakin abin da ya ƙara daga bakinsa.