Abincin Da Mai Ci Bai Zaɓa Ba

  

A manyan biranen duniya, irin su Tokyo da Landan da Dubai da New York, akwai gidajen abinci waɗanda ba a tambayar baƙo abin da yake so. Zai zauna gaban wani dogon katako, babban kuku yana tsaye ta ɗaya gefen da wuƙarsa, yana ajiye masa loma ɗaya bayan ɗaya, har goma sha biyar ko ashirin, kowace da kamanninta da ɗanɗanonta. Jafanawa suna kiran wannan tsari omakase, watau "na bar maka zaɓi". Ɗan kasuwa Musulmi, ko ma'aikaci wanda aiki ya kai shi can, abokan hulɗa suka gayyace shi don girmamawa, yakan tsinci kansa a kan wannan kujera. Idan mai tunani ne, tambaya biyu za su dame shi kafin loma ta farko: ko abin da za a ba shi halas ne, kuma ko kuɗin da za a biya bai shiga almubazzaranci ba.

Asalin jera abinci kaɗan-kaɗan a Jafan yana da ban mamaki. Ana kiransa kaiseki, kuma ya bunƙasa ne tare da al'adar shan shayi a ƙarni na 16, zamanin Sen no Rikyu wanda ya rasu a 1591. Haruffan da ake rubuta sunan da su suna nufin "dutse a ƙirji", domin an ce masu zuhudu na addinin Buda sukan ɗumama dutse su sa cikin riga don su lallashi yunwa. Abin da ya fara a matsayin ɗan abin taɓawa na masu gudun duniya, shi ne yau a wasu gidajen New York kuɗinsa ke kusantar dala 1,000 ga mutum ɗaya.

Gaurayensa da girkin wasu ƙasashe kuwa, ƙaura ce ta kawo shi. A 1899 jirgin ruwa ya sauke Jafanawa 790 a Peru don aikin gonaki. 'Ya'yansu da jikokinsu suka haɗa yankan kifi irin na gida da lemon tsami da barkonon ƙasar da suka sauka. Nobu Matsuhisa, wanda ya yi aiki a Lima cikin shekarun 1970, shi ya kai wannan salo Amurka: ya buɗe gidansa a 1987, sa'an nan ya buɗe na New York a 1994 tare da ɗan wasan fim Robert De Niro. A 2025 wani gida mai wannan girki a Lima, Maido, shi aka sa gaba cikin jerin gidajen abinci 50 da suka fi shahara a duniya.

Mutane da yawa, da zarar sun ji an ce ɗanyen kifi, sai su yanke hukuncin haramci. Wannan kuskure ne. Aya ta 96 cikin Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa, kuma a mazhabar Imam Malik dabbobin ruwa halas ne ba tare da yanka ba, ko jatan lande ne ko ƙaguwa, ko da yake Hanafiyya sun taƙaita halaccin ga kifi. Dafawa ba sharaɗi ba ce, muddin abin ba zai cutar ba. Ƙyama daban, haramci daban. An ajiye gasasshen damo gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya janye hannunsa saboda ba abincin ƙasar mutanensa ba ne, Khalid ɗan Walid ya jawo ya ci a gabansa bai hana shi ba. Wanda ransa bai karɓi ɗanyen kifi ba ya bari, amma kada ya ɗora wa shari'a abin da ba ta faɗa ba.

Haka nan biyan kuɗin abincin da ba a san adadinsa ba tukuna, ba shi cikin garari mai ɓata ciniki. Malaman fiƙihu sun daɗe da halatta shiga gidan wanka da lada ba tare da an auna ruwan da za a kwarara ba, saboda al'ada ta riga ta iyakance shi.

Inda gizo yake saƙar shi ne cikin abin da ido ba ya gani. Girkin Jafan ya dogara ƙwarai ga ruwa biyu: sake, watau giyar shinkafa mai ƙarfin kusan kashi 15 cikin 100, da mirin, wata giya mai zaƙi wadda ta asali take da kusan kashi 14. Kifin nan da ya fito da sunan Nobu, ana jiƙa shi kwana biyu ko uku cikin miso, wani ƙullin waken soya da ake ruɓarwa kusan yadda ake yi wa daddawa, haɗe da sukari da waɗannan giya biyu. Romon da ake shafa wa sushi da buroshi kafin a miƙa shi ma sau da yawa akwai su a ciki. Masu cewa wuta tana ƙone giya duka ba su bincika ba. Gwajin da masana suka yi a Amurka, wanda aka buga a 1992, ya nuna bayan minti 15 na tafasa kusan kashi 40 cikin 100 na barasar tana nan, kuma ko bayan awa biyu da rabi akwai saura kamar kashi 5. Malamai sun rarrabe tsakanin giyar da ta juye da kanta ta zama ruwan tsami na kal, wadda ta tsarkaka, kuma da irinsa ake haɗa shinkafar sushi, da giyar da aka ɗebo da sunanta aka zuba cikin tukunya. Game da ɗan ɓurɓushin da ke samuwa cikin ruwan soya saboda ruɓarwa, malaman zamani sun saɓa, da yawa sun sauƙaƙa tun da ba ya sa maye komai yawansa. Amma ta biyun, a wurin Malikiyya najasa ce, kuma tana ɓata abin da aka gauraya da ita. Ga kuma naman sa na wagyu wanda ba a san wanda ya yanka ba, ga romon ƙashin alade, ga ƙoƙon sake da ake zagayawa da shi tare da kowace loma, alhali an hana mumini zama a teburin da ake zagaya giya.

To, a nan ne kalmar "na bar maka zaɓi" take da iyaka. Mutum yana iya wakilta wani ya zaɓar masa ɗanɗano, domin kuku ya fi shi sanin wane kifi ne yake lokacinsa. Hisabi kuwa ba a wakilta shi. Kukun da bai san hukuncin giya ba bai ci amanar kowa ba idan ya zuba ta, gama ba a ba shi wannan amana ba tun farko. Laifin yana kan wanda ya sani ya yi shiru. Abin takaici, galibi kunya ce ke jawo shirun: mutumin da a gidansa ba zai sha ruwan da yake shakka ba, a gaban baƙi sai ya ji tsoron kada a ce baƙauye ne. Alhali kuwa irin waɗannan gidaje sun saba tambayar baƙo tun lokacin kama wuri ko akwai abin da jikinsa ba ya so, kuma wanda ya faɗa da wuri, ko dai a sauya masa, ko a gaya masa gaskiya cewa ba za a iya ba. Duk biyun sun fi masa alheri.

Tambayar almubazzaranci ta fi wuya, domin ba ta da ma'auni guda. Aya ta 31 cikin Suratul A'arafi ta yi umarni da ci da sha ta hana ƙetare iyaka, aya ta 32 kuma nan take ta yi inkari ga mai haramta ƙawa da daɗaɗan abubuwa na arziki. Imam Malik kansa an san shi da sa tufafi masu kyau da tsada. Saboda haka malamai suka ce ɓarna ita ce kashe dukiya inda bai dace ba, ko da kaɗan ce, ƙetare iyaka kuwa ana auna shi da halin mutum da al'adar wurinsa. Abin da attajiri zai kashe bai girgiza ba, idan ma'aikaci ya kashe shi ya bar iyalinsa da bashi, ya yi zalunci.

Adalci ya sa a faɗi cewa ta wani gefen wannan tebur ya fi teburan bukukuwa da yawa tsabta. Ba a barin ko ƙwayar shinkafa. Jafanawa suna da kalmar mottainai ta nuna takaici a kan abin da aka zubar, kuma mutanen Okinawa suna da al'adar tashi daga abinci kafin ciki ya cika, abin da ya yi kusa da koyarwar Annabi ta raba ciki uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Mai zubar da tukwanen shinkafa bayan walima ba shi da bakin zagin mai cin loma ashirin ya suɗe.

Sai dai ɓarnar da ba ta bayyana a faranti ba tana iya bayyana a wani wuri. A Janairun 2019, a kasuwar Toyosu ta Tokyo, an sayi kifin tuna guda mai nauyin kilo 278 a kan yen miliyan 333 da dubu 600, kimanin dala miliyan 3. Wannan farashi na neman suna ne. Kwaɗayin irin wannan kifi ya sa wajen 2010 masu haihuwa daga cikinsa a Tekun Pasifik suka ragu zuwa ƙasa da kashi 5 cikin 100 na yawansu na asali, sai da ƙasashe suka ƙayyade kamu kafin ya fara farfaɗowa. Halaccin farautar teku ba izinin ƙarar da halitta ba ne.

Sa'an nan akwai niyya. Wani ya je ne don ya ga gwanintar mutumin da ya yi shekara goma yana koyon dafa shinkafa da riƙe wuƙa, ya ci, ya gode wa Allah. Wani kuwa kafin loma ta kai bakinsa hotonta ya riga ya isa wayoyin mutanen da ba su ci na rana ba. Na biyun ya sayi riya da kuɗinsa. An kuma ruwaito zargi a kan walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta, kuma gidan da kujerunsa goma ne rak, kamar na Jiro Ono a Ginza inda Shinzo Abe ya kai Barack Obama a 2014, ba a gina shi don talaka ba. Wannan bai haramta shi ba, amma ya wajabta wa mai shiga ya duba ko ya fitar da zakka, ko ma'aikatansa sun sami albashi, ko maƙwabcinsa ya kwana da yunwa.

Wanda hukuncinsa ya fi tsanani shi ne mai riƙe da amanar jama'a, musamman idan daga baitulmali za a biya, ko kuwa mai gayyatar yana neman kwangila a hannunsa. A shekara ta 18 bayan hijira fari ya auka wa Madina da kewaye, shekarar da ake kira ta toka. Sayyidina Umar ɗan Khaɗɗabi, yana halifa, ya hana kansa man shanu da nama har sai mutane sun samu, ya koma cin gurasa da man zaitun har launin jikinsa ya sauya. Man shanu bai haramta ba a shekarar, kuma Umar bai hana kowa ci ba sai kansa.